Ta Rasu a Ƙofar Shagon Walda

Da zuciya mai cike taf da baƙin ciki, da kafaɗun da suka koma hannun tsofaffin azzalumansu, Sakatariya, mai buga takardu a ofishin makarantar 'yan mata ta bayan tashar mota, take sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba na arzikin ba tunda su suka fi yawa a wannan lamari, rasuwar rigar mamanta ta motsa jiki, baƙa mai ratsin toka. Marigayiyar ta cika ne da safiyar Talatar da ta gabata, a tsakiyar titi, tana bakin aikinta, daidai ƙofar shagon walda. Ta rasu bayan doguwar jinya da aka ɓoye wa jama'a, kamar yadda aka ɓoye ita kanta tsawon zamanta a gidan.

Ba za a ce Allah ya jiƙan ta ba, tunda yadi ce da roba da ƙugiya, kuma mai makokin ba ta zare ba tukuna. Amma cikin duk masu cewa lafiyar Sakatariya ta dame su, marigayiyar ce kaɗai ta taɓa ɗaukar nauyinta ba tare da gori ba, don haka ta cancanci a ba da tarihinta. Masu ganin bai kamata a ambaci irin wannan sutura a bainar jama'a ba, su yi haƙuri su karanta a ɓoye, kamar yadda suka saba karanta abin da ya fi wannan.

Tarihin ya faro ne daga ɗakin likita. Sakatariya mace ce mai jiki, kuma ba jiya ta fara ba. Haka mahaifiyarta take, haka kakarta. Aikinta zama ne tun safe har a tashi, daga kujera sai kujera. Likitan ya duba sakamakon jininta ya ce suga ya fara leƙowa, dole ta motsa jiki. Ta ce gwiwoyinta ba sa barin ta doguwar tafiya. Ya ce to keke za ta hau. Ta yi dariya, shi bai yi ba.

"Baiwar Allah, keken nan fa sai kin hau," ya ce mata. "Abin da ya rage miki zaɓi ne: wanda za ki tuƙa da ƙafarki, ko wanda za a tura ki a ciki."

Na biyun ba baƙonta ba ne. Ita ta tura mahaifiyarta a cikinsa bayan ciwon ya cinye mata ƙafa ɗaya. Ta san kukan tayarsa a kan siminti, ta san yadda tsohuwar take kau da kai duk lokacin da aka ciccibe ta zuwa banɗaki. Keken yana nan har yau a ɗakin ajiya, a naɗe, an rasa mai ƙarfin halin bayar da shi. Sakatariya ta fito daga asibitin ta riga ta zaɓi na farkon.

Da yammacin ranar ta sami maigidanta, mai shagon fenti, yana shan shayi a falo tare da yayarsa, wadda kowa ke kira Yaya Babba. Ita Yaya Babba ba ta taɓa sanar da zuwanta ba, ba ta kuma taɓa tafiya ba tare da ta bar shawara ba. Sakatariya ta zauna ta ce, "Baban yara, keke nake so in saya."

Fuskar maigida ta washe. "Keke? Ai tuntuni nake jiran ki yi wannan tunanin."

Yaya Babba ta ajiye kofi. "Yanzu kika yi hankali, ƙanwata. Kya rage zaman banza in kin dawo aiki, yara ma su huta da zuwa wajen tela."

Nan take Sakatariya ta gane inda aka bi. Keken ɗinki suke nufi. Ta buɗe baki za ta gyara, sai maigida ya riga ta: ya ɗaga yatsa sama, ya ce Yaya ta zama shaida, ya amince, kuma duk ranar da ya sa baki tsakanin matarsa da kekenta a canja masa suna. Shi mutum ne mai alfahari da cewa ba ya magana biyu, har a shagonsa da wannan yake hana mutane ragi. Sakatariya ta mai da bakinta ta rufe, ta yi godiya. Ana so jama'a su shaida cewa ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Keke ta ce, keke ta kawo.

Ranar da ta turo shi cikin gida, maigida har ya share lungun falo ya sayo zare kala-kala, Yaya Babba kuma ta iso da yadin jikokinta a leda. Ya tsaya yana zaga keken da ido kamar mai neman inda ake sa allura. Ya riga ya ɗaure kansa da bakinsa. Tun daga ranar ya koma jiran keken ya gaza da kansa, don a ce ba shi ya hana ba.

Shi keken a hannun mai gyaran keke na bakin kasuwa ta same shi, na maza ne mai sanda a tsakiya, wai shi kaɗai zai iya da ita. Wannan bawan Allah mai kunya ne, irin kunyar da wani take cuta ba mai ita ba. Tun da Sakatariya ta tsaya a rumfarsa idonsa bai wuce takalminta ba. Da ta ce a daidaita mata sirdi, sai ya karɓi keken, ya ɗare, ya zaga rumfar, ya sauko yana goge hannu a wando ya ce, "Ya yi daidai, Anti." Shi kuwa ɗan firit ne, in ya tsaya kusa da ita a kafaɗarta kansa yake ƙarewa. A jikinsa ya gwada mata keke, kamar wanda aka aika sayen takalmi ya auna da ƙafarsa. Ta ce ko zai duba in ta hau ya ga yadda ƙafarta take sauka a feda. Ya ce a'a, ai bai kamata ba.

Abin da bai kamata ba shi ne abin da ya biyo baya. Sirdin ya yi ƙasa, gwiwoyinta suna tasowa suna dukan cikinta a kowane juyi. Kan keken, inda ake riƙewa, ya yi nisa ya kuma yi ƙasa, sai ta kifa gaba kafin hannunta ya kai birki. Duk abin da Allah ya hore mata a ƙirji yana rataye ne a iska, kowane rami na titi sai ya gaishe ta har cikin ƙashin baya. Sirdin dai ita ta ɗaga abinta da sifanar motar maigida, kaɗan-kaɗan, har ta kai in ta ɗora diddige a feda ƙafarta tana miƙewa. Kan keken kuwa yana buƙatar wani dogon ƙarfe da zai ɗago shi ya matso da shi. Mai gyara ya ce an yi oda, yana hanya. Har yau yana hanya.

A wancan zamani na jahiliyya, kafin zuwan marigayiya, rigunan mama biyu Sakatariya take sawa, ɗaya kan ɗaya, irin na zuwa biki masu leshi da waya. Siraran maɗaurinsu suna yanka kafaɗa, wayar tana soka haƙarƙari, zufa tana taruwa a ƙasa ta saɓe fata. Takan dawo ta shige banɗaki ta watsa ruwa tana cije leɓe don kada maigida ya ji ya yi murna. Ta bi shagunan kayan mata layi-layi. Wata mai shago ta auna ta da ido daga sama har ƙasa, ta miƙo mata wani ɗan ƙyalle ta ce, "Anti, wannan firi sayiz ce, kowa tana shiga." Abin da ko kan jariri sai an yi dabara. Wata kuma, mai farce zaƙo-zaƙo, ko tashi daga kujera ba ta yi ba, ta ce ai masu motsa jiki ba sa kai haka. Wato Sakatariya ta je ta rame tukun, sannan ta dawo a sayar mata da abin da za ta sa ta rame. Ana miƙa wa waɗannan 'yan kasuwa gaisuwa, da fatan jikinsu zai dawwama yadda yake.

A ƙasan dilar gwanjo aka sami marigayiya. Wata dattijuwa mai gwanjo ce ta zaro ta, ta karkaɗe, ta ce ta daɗe ba mai ɗauka, har ta yi niyyar mai da ita tsumman goge tebur. Ba a san ƙasar haihuwarta ba, wanki ya cinye rubutun da ke wuyanta. Abin da aka sani kawai shi ne wata mace ta taɓa sa ta a wani gari mai nisa, kuma daga faɗin rigar an san wannan mace 'yar'uwa ce. Sakatariya takan tuna da ita in tana haki a kan tudu: akwai wata mai irin jikinta da ta taɓa fita ta yi zufa, duniya kuma ba ta tashi ba. Wannan tunanin ya hau da ita tudu da yawa.

Marigayiya mai halin girma ce. Maɗaurinta faɗi gare su, suna gicciyawa a baya, ba sa zamewa, ba sa yanka. Ɗamararta ta ƙasa tana kama haƙarƙari kamun mutunci, ba shaƙa, ba saki. Ba ta haɗa mazauna gidan biyu ta matse wuri ɗaya kamar kayan buhu, kowanne ɗakinsa ta ba shi. Ba ta da waya, ba ta da leshi, ba ta da fure a tsakiya, tunda ba don kallon kowa aka yi ta ba. Tana shan zufa ba ta ƙorafi. Ba ta da surutu. Iyakar maganarta ƙas, ƙas, ƙas da sassafe in ana haɗa ƙugiyoyinta, sai tas guda ɗaya in an ja maɗauri an saki a kafaɗa. In Sakatariya ta ji wannan tas ɗin, ta san yau ma za ta fita.

A ƙarƙashin kulawarta Sakatariya ta tashi daga zagayen unguwa ta kai gada, daga gada ta kai makaranta. Ta daina tsayawa a tsakiyar bene tana yi kamar waya take dubawa. Da ta koma asibiti likita ya kalli takarda ya kalle ta ya ce duk abin da take yi kada ta daina. Ta kawo wannan albishir gida, maigida ya ce madalla, ai shi ma ya lura man girkin gidan ya yi yawa da. Yaya Babba ta ce ramewar da ba ta ciwo ba ma ai abin a bincika ne.

Ciwon ajalin marigayiya iri biyu ne. Na farko na mai gyara ne: tunda kan keken bai ɗago ba, kullum a kife ake tafiya, nauyin da ya kamata ɗamara ta raba sai ya koma kan ƙugiyoyin baya. Ta jure wannan. Na biyu kuwa a gida ta gamu da shi.

Riga ce tilo, kullum sai an wanke ta, kullum sai ta bushe kafin gari ya waye. Igiyar shanyar gidan tana baranda, barandar tana kallon titi. Maigida ya dawo wata rana ya ɗaga kai ya gan ta tana kaɗawa, ya shigo ya ce, "Maman yara, wannan tutar fa? Ai ba sai unguwa ta san awonki ba." Mutumin da gajeren wandonsa ya shekara yana shan iska a wannan igiya, ba wanda ya ce a sauke. Aka mai da marigayiya bayan ƙofar ɗakin kwana, inda iska ba ta zuwa. Ta koma fita aiki da danshi a jikinta.

Sai ranar da Sakatariya ta shanya ta a bayan kujerar falo, ƙarƙashin fanka, ta tafi ofis. Maigida ya dawo da rana yana jiran baƙi, abokan cinikinsa, ya tarar da ita a jiƙe a inda babban baƙo zai zauna. Ya rasa inda zai cusa jiƙaƙƙen abu, sai ya jona dutsen guga, ya murɗa shi har ƙarshe, ya danna mata. Tun da aka yi auren nan bai taɓa goge ko hankici ba, ranar da zai fara sai ya fara da roba. Bai faɗa ba, ƙaurin da ya cika falon ne ya faɗa. Da ta tambaye shi ya ce taimako ya yi, in taimako laifi ne shi ke nan ya daina. Ya kuwa cika alkawari.

Tun daga nan marigayiya ba ta sake komawa daidai ba. Ɗamararta ta yamutse, ta saki. Aka matsar da ƙugiyoyi daga layin waje zuwa na tsakiya, daga na tsakiya zuwa na ƙarshe, har aka rasa inda za a matsa. Muryarta ta canja: tas ɗin nan mai ƙarfi ya koma wani laɓ, kamar an ajiye jiƙaƙƙen tsumma. Ƙugiya ɗaya ta karkace, aka tallafe ta da fil. Sakatariya ta koma wajen mai gwanjo ko za a dace da 'yar'uwarta, dattijuwar ta zazzage dila biyu ta girgiza kai. Duk da haka marigayiya ba ta taɓa cewa yau ba za ta fita ba.

Dole a yi bayanin shagon walda, don shi ne wurin rasuwa. Hanya ɗaya ce daga gidan zuwa makaranta, kuma ta ƙofarsa take bi. A nan aka gicciya tudun siminti don rage gudun motoci, a gefensa kuma akwai benci. Mazauna bencin magidanta ne, ba a san lokacin da suke aiki ba, kowannensu da tumbin da ya fi na Sakatariya girma, har bencin ya lanƙwashe a tsakiya don wahala. Ba a taɓa ganin ɗayansu ya yi tafiyar da ta wuce wajen mai shayi ba. Amma su ne alƙalan jikinta. Kullum ta zo wucewa hirarsu takan tsaya, in ta wuce ta ji ta tashi da dariya. Ta iya kallon gaba, kuma marigayiya tana riƙe da komai tsam, ba ta ba su abin kallo ko ɗaya.

Ranar Talata wata mota ta matse ta, ba ta sami damar rage gudu ba, ta hau tudun da ƙarfi. Sai ɗas. Ƙara ɗaya, daga tsakiyar baya, kuma ita ce kalmar ƙarshe ta marigayiya. Fil ya tashi, ƙugiyoyi suka bi shi, maɗauri suka sulale. Abin da aka daɗe ana riƙewa ya sami 'yanci lokaci guda. Sakatariya ta saki hannu ɗaya ta kare ƙirjinta, keken ya karkace, ta dira ƙafa da ƙyar, takalminta ɗaya ya fice ya faɗa kwata.

Sannan mai waldan da kansa ya ɗaga baƙin gilashinsa ya ce, "Madam, taya ce ta fashe?" Wani daga gefe ya ce, "Duka biyun ne, ka duba da kyau." Suka kwashe da dariya har ɗaya yana tari. Ba wanda ya tashi ya ɗauko mata takalmi. Ita ta sunkuya ta ciro abinta, hannu ɗaya a ƙirji, ta tura keken da ɗaya hannun, ta juya gida a ƙafa, gawar tana lilo a cikin rigarta. Ta yi kuka a hanya, kukan kunya da takaici, kuma ba ta ga dalilin ɓoye wannan a sanarwa ba.

Tun ranar ba ta sake hawa ba. Keken yana jingine a lungu, jikin ƙofar ɗakin ajiya, kuma ta san abin da ke naɗe a bayan ƙofar.

Ana godiya ga waɗanda suka riga sanarwa zuwa ta'aziyya. Maigida ya ce shi dai bai hana ta ba, ta gani da idonta, kuma mai gyara ya yarda zai karɓi kayansa. Rabon da a gan shi cikin walwala haka tun ranar da ya sayo zare. Yaya Babba kuwa, da labari ya je mata ta bakin matar mai walda, tasi ta ɗauko takanas, aka sauke mata wani abu lulluɓe da zani a tsakiyar falo. Ta yaye zanin da kanta. Keken ɗinki ne, tsoho, baƙi mai zanen zinariya.

"Ga keken da aka yi magana tun farko," ta ce. "Wannan a zaune ake hawansa, a cikin ɗaki, ba mai ganin ki. Ki rufa wa ƙanena asiri, ƙanwata, girma ya kama ki."

Sakatariya ta durƙusa ta yi godiya, ta ce Allah ya saka. Ta kusa amincewa ma, gaskiyar magana ke nan, don zama ya fi sauƙi kuma falo ba ya dariya. Sai da asubar jiya ta farka ta ji yatsun ƙafarta ta hagu suna mata kamar ana tsira allura. Ta zauna a bakin gado tana murza su. Haka na mahaifiyarta ya fara, kuma a lokacin kowa cewa ya yi ta huta, ta daina wahalar da kanta.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙanne biyu masu leshi, raunana, waɗanda ba su taɓa riƙe amana ba sai a hoto. Ta bar baƙin wando da suka yi gwagwarmaya tare, da gorar ruwa, da keke maraya mai sunkuyayyen kai. Ta bar dutsen guga, wanda ke yawo a gidan ba a hukunta shi ba, da wanda ya riƙe shi. Ba ta bar magajiya ba, amma ana kan shirin samar da ita.

Ga yadda aka tsara sallamar gawa. Ba za a binne ta ba, ba za a ƙona ta ba tunda an riga an fara, ba kuma za a mai da ita tsumman goge tebur ba. Malamar ɗinki ta makaranta, wadda ita ma ba siririya ba ce, ta amince za ta warware ta da reza, ɗinki bayan ɗinki, ta shimfiɗa kowane yanki a kan sabon yadi ta yanka irinsa. An samo roba mai faɗi da ƙugiyoyin ƙarfe. Keken ɗinkin makaranta ya lalace, don haka da keken da Yaya Babba ta kawo za a yi aikin, an riga an aika shi a tasi. Ana yi mata addu'ar lada gwargwadon niyyarta. Magada uku za a ɗinka, kuma a baranda za su riƙa shan iska, kusa da gajeren wando.

Ana sanar da mai gyaran keke cewa ba za a mai da masa kaya ba. Ana jiran sa gobe da ƙarfen da ke hanya, ko ya taro shi a hanyar. Sakatariya za ta hau keken a gabansa, shi kuma zai ɗaga ido ya duba inda hannunta yake kaiwa, in ya so ya nemi gafara daga baya.

Ba za a yi zaman makoki a gida ba, duk wanda ya zo ba zai sami mai makokin ba. Maigida ya yi tayin kai gawa makaranta a motarsa, gilashi a rufe, an gode masa an ƙi. Da safiyar Asabar za a naɗe marigayiya a farin ƙyalle a sa ta a kwandon gaban keke. Sakatariya za ta sa ƙannen nan biyu, ɗaya kan ɗaya, ta ɗaure su da yadi ta ciki, ta tuƙa. Za su yanka ta, ta sani. Tana jin tsoron tudun, tana jin tsoron bencin fiye da tudun.

Don haka ana sanar da mazauna ƙofar shagon walda su hallara da wuri, su zauna yadda kowa zai gani. Gawa za ta wuce ta gabansu a hankali, tunda mai tuƙin ba ta iya sauri ba, kuma duk mai dariya zai sami isasshen lokaci ya yi ta har ta ishe shi. Wanda ya makara kada ya damu. Ta nan za ta dawo da rana, kuma ranar Litinin akwai aiki.